Jinyar firgici da fargaba a wajen ƙwararre mai zaman kansa: yadda ake nemansa da yadda aikin yake tafiya

Ranar da aka sako mutum daga hannun 'yan bindiga, ko aka sallamo shi daga asibiti bayan mummunan haɗarin mota, gida yakan cika da 'yan barka. A yi sadaka, a yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Ciwon da muke magana a kai yakan fito ne bayan an watse. Barci ya gagara, ƙarar babur da dare ta sa mutum ya diro daga gado, magidancin da aka sani da haƙuri ya koma mafaɗaci, matar da ba ta rasa biki ta daina leƙa ko zaure.

A Jihar Katsina masu wannan hali suna da yawa. Akwai waɗanda suka baro Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa da Faskari suka dawo cikin gari, akwai 'yan banga da jami'an tsaro, akwai waɗanda suka kai kuɗin fansa daji da hannunsu. Ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, yau mafi yawansu sun girma. Ciwon yana da magani, kuma wanda ya fi ci shi ne zama da ƙwararre a yi magana bisa tsari. Sai dai ba kowane zaman hira ne jinya ba, mai biya daga aljihunsa kuma ya cancanci ya san abin da yake saye.

Firgita ce ko ciwo?

A makonnin farko bayan tashin hankali, razana da rashin barci abu ne da jiki ke yi, kuma ga mafi yawan mutane yana lafawa da kansa idan suka samu wurin kwana mai aminci, abinci, da 'yan'uwa a kusa. A wannan lokacin kada a tsare mutum a ce sai ya ba da labari dalla-dalla. An gwada hakan, an ga ba ya hana ciwon.

Ana fara maganar ciwon firgici, wanda likitoci ke kira PTSD, idan wata guda ya wuce kuma abubuwa huɗu suna nan. Abin da ya faru yana dawowa ba a gayyace shi ba, a mafarki ko ido biyu, kamar yanzu yake faruwa. Mutum yana gudun duk abin da zai tuna masa: hanya, kasuwa, wani wari, ko ma zancen abin. Tunaninsa ya canza, yana zargin kansa, ba ya yarda da kowa, ba ya jin daɗin ko 'ya'yansa. Jikinsa kuma kullum a ɗarare, abu kaɗan ya zabura.

Fargaba ta yi kama da wannan amma ba ɗaya ba ce. Wata tana zuwa a matsayin damuwar da ba ta yankewa wata da watanni, a kan kuɗi, lafiya, yara, komai. Wata kuma farmaki take kawowa: gaba ya yi ta dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, hannu ya ɗauki rawa, mutum ya tabbata mutuwa ce ta zo. Irin wannan yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 sannan ya sauka.

Kafin ka kashe ko kwabo a kan jinya, je asibiti a duba hawan jini, yawan jini, sukari, zuciya, da sinadarin maƙoƙo. Ƙarancin jini da yawan aikin maƙoƙo suna kawo faɗuwar gaba da ba ta da alaƙa da tunani. Haka ma goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari idan suka yi yawa.

Wa za a gani

Likitan ƙwaƙwalwa likita ne cikakke, yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, shi ne mai rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti yana da aƙalla digiri na biyu a wannan fanni tare da horo a kan marasa lafiya, ba ya rubuta magani, jinyar magana ce sana'arsa. Akwai kuma masu ba da shawara da ma'aikatan jinya na ɓangaren ƙwaƙwalwa, wasunsu sun samu horo mai kyau, wasu a'a. Mai ciwon firgici masanin halayya ya fi buƙata, likitan kuma ya shigo idan ana son magani.

Ƙwararrun sun yi ƙaranci a Arewa, kuma da yawa daga masu ganin mutane a keɓe ma'aikatan manyan asibitocin gwamnati ne da ke yin nasu bayan tashi. Saboda haka hanya mafi tabbas ita ce ta asibiti. A Katsina a fara tambaya a Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda mutane suka fi sani da FMC. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na ABU da ke Shika suna da sashen ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. Sunan da ka samu daga bakin likita ya fi wanda ka tsinta a tallar Facebook.

Kafin zaman farko ka kira ƙwararren, ka yi tambayoyi ba kunya. Me ya karanta, a ina? Wace hanya yake bi wajen jinyar firgici, kuma wa ya horar da shi a kanta? Zama nawa yake hasashe, minti nawa kowanne? Nawa ne kuɗin zama, kuma idan uzuri ya hana ka zuwa ana biya? Yana iya yin aikin da Hausa? Wannan ta ƙarshe ba ƙarama ba ce. Abin da ya same ka da Hausa ya same ka, da ita kake mafarkinsa, kuma tafinta a ɗaki yana rage sirri. Mace tana da damar neman mace, musamman idan akwai cin zarafi a cikin labarin.

Ƙwararre na gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya yi alkawarin waraka a zama ɗaya, ko ya ce ka zubar da maganin da likita ya rubuta, ko yana sayar da wasu ƙwayoyi a teburinsa, ko ya kasa faɗin sunan hanyar da yake bi, ka yi masa sallama.

Yi lissafin kuɗi tun yanzu. Ninka kuɗin zama sau 12, ka ɗora kuɗin mota idan daga Daura ko Funtuwa kake tasowa, da ranar aikin da za ka rasa. Idan ba za su kai ba, faɗa masa tun farko ya tsara aikin daidai ƙarfinka, ko ku riƙa haɗa zaman ido da ido da na waya. Tsayawa a tsakiya ya fi kowane abu ɓata wannan jinya, za mu ga dalili a gaba.

Zaman farko

Yakan ɗauki awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, kuma tambayoyi ne: barci, cin abinci, aiki, iyali, magungunan da kake sha, ko kana shan wani abu don samun sauƙi, ko tunanin kashe kai ya taɓa zo maka. Faɗi gaskiya a kan biyun ƙarshe, su ne ke sauya tsarin jinya. Ba dole ba ne ka zayyana abin da ya faru a ranar farko. "An tare mu a hanya, na yi kwanaki a daji" ya wadatar.

Ya kamata a auna ka. Akwai takardar tambayoyi 20 mai suna PCL-5, makinta daga 0 zuwa 80, kuma daga wajen 31 zuwa 33 ake zaton ciwon firgici. Ta fargaba, GAD-7, tambayoyi 7 ce, makinta ya tsaya a 21, daga 10 zuwa sama abin dubawa ne. Ta baƙin ciki mai tsanani, PHQ-9, tana kaiwa 27. Rubuta makinka ka ajiye. Da shi za ka gane nan gaba ko kuɗinka yana aiki.

A tattauna sirri ma. Abin da ka faɗa ba ya fita, ko ga miji, ko mata, ko wanda ya biya kuɗin, sai da izininka, in ban da inda ranka ko ran wani yake cikin haɗari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙoƙin masu neman irin wannan jinya. Kafin ka tashi ka san abubuwa uku: sunan abin da yake ganin yana damunka, hanyar da za ku bi, da yawan zama.

Ainihin aikin

An saba cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a harkoki da yawa gaskiya ne. A wannan ciwon haɗiyewar ce ke raya shi. Duk sanda mutum ya guje wa tunanin ko wurin, yana samun sauƙi na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙara gaskata cewa haɗarin yana nan. Ba ta taɓa samun damar gane cewa abin ya wuce ba. Shi ya sa mafi yawan hanyoyin da aka tabbatar da ingancinsu suke komawa kan abin da ake gudu, a hankali, cikin aminci. Karayar da ta haɗe a karkace sai mai ɗori ya sake taɓa ta, da zafi, kafin ƙafa ta taku daidai.

Hanyar da aka fi samu ita ce gyaran tunani da ɗabi'a mai fuskantar firgici, wato reshen jinyar maganar da ake kira CBT a taƙaice. Yawanci zama 8 zuwa 12 ne, sau ɗaya a mako, minti 60 zuwa 90. Wanda abubuwa da yawa suka same shi yakan buƙaci fiye da haka.

Zama biyun farko na shiri ne. Za a bayyana maka yadda ciwon yake, a koya maka numfashi: shaƙa ta hanci kana ƙirga 4, ciki ya taso ba ƙirji ba, fitar a hankali kana ƙirga 6, na minti 5, sau biyu a rana. Bayan sallar asuba da bayan isha'i sun fi sauƙin riƙewa. Dalilinsa shi ne mai fargaba yana numfashi da sauri, hakan ya rage iskar kabon a jini, sai jiri da tsikarin yatsu su biyo baya, su kuma su ƙara tsoron. A koye shi lokacin da hankali yake kwance. Wanda ya bari sai farmaki ya zo ba zai iya ba.

Sai tsani. Ku jera abubuwan da kake gudu, kowanne ka ba shi maki daga 0 zuwa 10. A ɗauki ɗan kasuwar da aka tare a hanya, yanzu ba ya shiga mota. Zama a cikin mota a ƙofar gida ba a tayar ba, 3. Tsayuwa a tasha ana lodi, 4. Shiga mota daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, 5. Katsina zuwa Daura da rana tare da ƙaninsa, 7. Shi kaɗai, 8. Ana farawa daga ƙasa. Ya zauna a matakin minti 30 zuwa 45, ko har tsoron ya ragu da rabi, ya maimaita kullum har matakin ya daina tayar masa da hankali, sannan ya hau na gaba. Kuskuren da aka fi yi shi ne fita da gudu lokacin da tsoro ya kai sama, wanda ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa gudun ne ya cece ta. Na biyu shi ne tsallake matakai don nuna jarumtaka.

A nan akwai abin da ƙwararre mai aiki a Katsina dole ya kiyaye. Ba kowane tsoro ne ciwo ba. Ƙin bin hanyar da ake tare mutane da dare hankali ne. Abin da ke shiga tsani shi ne abin da sauran jama'a ke yi lafiya kai kuma ka kasa. Duk wanda ya tura ka inda haɗarin gaske yake da sunan jinya bai san aikinsa ba.

Mafi nauyi shi ne ba da labarin. Za ka faɗi abin da ya faru tun daga farko, kamar yanzu yake faruwa, da abin da ka gani, ka ji, ka shinshina, na kamar minti 30 zuwa 45. Shi kuma yana bibiya.

"Alhaji, daga sifili zuwa goma, ina tsoron yake yanzu?"

"Takwas ne, likita."

"To, muna tare. Kana ofishina, yau Talata. Ci gaba, sun ce ku sauko, sai me?"

Ana maimaitawa a zama da yawa, wani lokaci a naɗa a wayarka ka riƙa saurare a gida. Wurin da mutum ke tsallakewa da sauri, nan ne ciwon yake, nan za a dawo. A hankali takwas ta koma biyar, ta koma uku. Labarin ba ya goguwa, kuma ba ya daina zama abin baƙin ciki, amma yana komawa cikin abubuwan da suka wuce.

Daga nan ake kama tunanin da ya maƙale. "Ni na ce mu bi ta hanyar nan, ni na kashe ƙanena." Ƙwararre ba zai ce maka ka daina faɗin haka ba, gida an faɗa sau ɗari bai yi aiki ba. Tambaya zai yi. Me ka sani da safiyar ranar? Sau nawa ka bi hanyar lafiya? Da yayanka ne ya zaɓi hanyar, za ka kira shi mai kisa? Bindigar a hannun wa take? Amsar da mutum ya samo da bakinsa ita ce ke zama.

Akwai wasu hanyoyin. EMDR, wadda Francine Shapiro ta ƙirƙira a Amurka a ƙarshen shekarun 1980, ana tuna abin a taƙaice ido yana bin yatsun mai jinya dama da hagu. Ba ta buƙatar dogon bayani da baki, don haka takan dace da wanda kunya ta hana shi furtawa, amma tana buƙatar horo na musamman, ka tambaya. Akwai kuma jinyar labarin rayuwa, NET, da aka tsara don 'yan gudun hijira waɗanda masifa ta same su sau da yawa. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum, a ɗora dutse a kan kowane mummunan abu, fure a kan kowane alheri, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya har a rubuta labarin duka. Ga wanda aka kai wa ƙauyensu hari ba sau ɗaya ba, muna ganin ta fi dacewa.

Inda aikin ke lalacewa

Wajen zama na uku zuwa na biyar, lokacin da aka fara taɓa labarin, wasu kan ji mafarkai sun ƙaru na 'yan kwanaki. A nan mutane ke gudu, su ce jinyar ta ƙara musu ciwo, alhali sun sha wahalar ba su tsaya cin riba ba. Faɗa wa mai jinyar ya rage gudu, amma kada ka ɓace. Kuma kada ka sa zama mai nauyi a ranar da kake da tafiya ko taro bayansa.

Zuwa sau ɗaya a wata ba ya gina komai. Aikin gida da ba a yi ba ma haka, domin awa ɗaya a ofis ba ta rinjayar mako guda na gudu. Wani lokacin laifin na mai jinyar ne: zama ya koma hirar abin da ya faru a mako, da nasiha, ba a taɓa kusantar abin ba. A maimaita awon PCL-5 lokaci-lokaci. Saukar maki 10 ci gaba ne na gaske. Idan an yi zama 6 makin bai motsa ba, ku zauna ku sake tsari, ko ka nemi wani.

Sai ƙwayoyin kemis. Valium da Lexotan suna kwantar da mutum cikin awa, shi ya sa ake son su, amma ba sa warkar da firgici, jiki yana sabawa da su cikin makonni, kuma suna hana ƙwaƙwalwa koyon abin da tsani ke koya mata. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, yana iya kawo jijjiga, likita ne zai rage masa sannu a hankali. Taramol da kodin da wiwi duk rami ɗaya ne. Taramol kuma haɗari ne idan ya haɗu da magungunan da likita ke rubutawa don wannan ciwo.

Waɗannan magungunan, irin su sataralin da ake sayarwa da sunan Zoloft da fulokzetin mai sunan Prozac, ba sa bugarwa. Ana farawa da kaɗan. Makon farko suna iya kawo tashin zuciya, ciwon kai, har da ƙarin fargaba, amfaninsu kuma sai bayan mako 2 zuwa 6 yake bayyana. Da yawa suna jefarwa a kwana na biyar su ce bai karɓe su ba. Bayan samun sauƙi ana ci gaba da sha na wata 6 zuwa 12, sannan a sauke a hankali. Mai ciki ko mai shayarwa ta sanar da likita. Da azumi a tambaye shi ko a mayar da shan sahur ko bayan buɗa-baki.

Idan ta waya ake zaman, a samu ɗakin da ba mai ji, a sa abin kunne, a cika caji, a kuma ajiye lambar wani na kusa a wajen mai jinyar. A gidan da yake cike, mota a tsaye ko ofis bayan tashi sun fi ɗakin da yara ke shige da fice.

Mutanen gida

Addu'a da azkar da ruƙiyya ta shari'a ba sa karo da jinya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya koyar da neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Abin da ke cutarwa shi ne a ce wa mai ciwo imaninsa ne ya yi rauni, ko a toshe masa baki da "ƙaddara ce, ka manta". Imani da ƙaddara yana sanyaya zuciya idan mutum ya isa gare shi da kansa. Idan aka jefe shi da shi, sai ya ɗora zargin kai a kan tsoro. Duka, ɗauri da mari, da turara hayaƙi a rufaffen ɗaki da sunan cire iska, ga wanda aka taɓa ɗaurewa a daji, maimaita masa masifar ne.

Taimakon da ake so daga gida mai sauƙi ne. A raka shi matakan tsani ba tare da tsokana ba. Kada a riƙa yi masa duk abin da yake gudu, domin tausayin da ya hana shi fita yana ƙara ɗaure shi. Kada a tashe shi daga barci da girgiza, a kira sunansa daga nesa. Miji ya bar wa matarsa lokacin zama da kuɗin mota, kuma kada ya tsare ta da "me kika faɗa masa?"

Abu uku ba sa jiran ranar zama: maganar kashe kai ko shirinsa, jin muryoyi ko ganin abin da babu, da daina ci da sha. A kai shi sashen gaggawa a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da sauran maganin ƙwari, tarin ƙwayoyi, da makami daga gidan. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce.

A zama na ƙarshe ka fita da takarda a hannu mai ɗauke da makinka na farko da na yanzu, alamun da ke nuna ciwon yana son dawowa, matakan tsanin da za ka ci gaba da yi, da wanda za ka kira. Zagayowar ranar da abin ya faru, labarin sabon hari, ko bidiyon gawarwaki da ake turawa a WhatsApp suna iya tayar da alamun na 'yan kwanaki. Koma kan numfashi da tsani, kashe saukar bidiyo kai tsaye a wayarka, idan kuma mako biyu suka wuce bai lafa ba, nemi zama ɗaya ko biyu na ƙari a wajen wanda ya yi maka jinyar.